Firijin da ke sanyi yau ya ƙi gobe: abin da za a bincika kafin a ce gas ya ƙare

A garin Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu da ke masarautar Zuru a jihar Kebbi, firiji da firiza jari ne ga mutane da dama. Mai shagon ruwan leda da lemo, matar da ke haɗa zoɓo da kunun aya a gida, mai kemis da ke ajiye allurar insulin, duk cinikinsu ya rataya a kan sanyi. Idan na'urar ta mutu gaba ɗaya an san inda aka dosa, sai a kira mai gyara. Wadda ta fi cin rai ita ce mai sanyi da safe ta saki da rana, ko ta yi kwana huɗu lafiya ƙalau a wayi gari kaya sun narke, ranar da mai gyara ya zo kuma ya tarar da ita tana aiki kamar ba ita ba.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce gas ya ƙare. A kawo silinda, a yanke bututu, a ɗura, a biya. Bayan mako guda matsalar ta dawo, wani lokaci har da sabuwa a kanta. Gas ɗin firiji ya bambanta da na girki da ake ƙonawa ya ragu. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa shekara da shekaru, ba ya raguwa sai in wani wuri ya huje. Idan kuwa ya huje, sanyin raguwa yake yi kullum har ya ɓace, kuma ba ya dawowa da kansa. Firijin da ya yi sanyi sosai jiya da dare, ya ƙi yau da azahar, ya sake yi da asuba, gas ɗinsa na nan. Wani abu ne ke tsayar da shi yana sakinsa, kuma shi ake nema.

Yadda sanyin ke samuwa

Kwamfireso, baƙin tulun ƙarfen nan da ke ƙasa ta baya, shi ke matse gas ya tura shi cikin bututun da ke fitar da zafi, wato kwandensa. A tsofaffin firiji kwandensa raga ce baƙa a baya. A yawancin na zamani da firizar kwance an binne ta cikin bangon gefe, shi ya sa gefen ke ɗumi idan an taɓa. A nan gas ke hucewa ya zama ruwa, ya bi ta wani siririn bututu mai kaurin tsinken tsintsiya, ya faɗa cikin bututun ciki, inda yake komawa gas yana kwashe zafin kayan da aka ajiye. Tamostat, wanda maɓallin lambobin nan ke juyawa, shi ke kashe kwamfireso idan sanyi ya kai, ya kunna shi idan ya ragu. Saboda haka tsayawa da tashi aikin firiji ne na yau da kullum. Abin dubawa shi ne ko cikinsa yana riƙe digiri 2 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyos, ɓangaren firiza kuma kusan digiri 18 ƙasa da sifili.

Kwana uku na lura

Cutar da ke zuwa tana tafiya, lokacin zuwanta ne ke tona mata asiri. Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, mai firiji ya ɗauki takarda ya yi kwana uku yana rubuta abu huɗu duk sanda sanyi ya ragu: ƙarfe nawa ne, wace wuta ake kai (ta gari, janareta ko sola), wane sauti ke fitowa daga baya, kuma me aka zuba a ciki kafin nan. Ƙaramin ma'aunin zafi da aka tsoma cikin kofin ruwa a tsakiyar firiji ya fi tafin hannu faɗin gaskiya, domin ruwan yana nuna sanyin da kaya ke ciki, ba na iskar da ke canzawa da an buɗe ƙofa ba.

Don sanin abin da ke faruwa cikin dare, akwai tsohuwar dabara. A daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsabar kuɗi ko murfin kwalba na ƙarfe a kan ƙanƙarar, a bar shi a firiza. Idan da safe an same shi a tsakiya ko a gindin kofin, firizar ta narke ta sake daskarewa ba wanda ya gani.

Wuta ce ta farko a tuhuma

Jihar Kebbi na cikin jihohi huɗu da kamfanin Kaduna Electric ke rarraba wa wuta, tare da Kaduna, Sakkwato da Zamfara. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida, kuma a jikin yawancin firiji an rubuta 220 zuwa 240. Abin da ke isa soket kuwa ya dogara da nisan gidan daga taransifoma, yawan gidajen da ke kanta, da kaurin wayar da aka ja. A gari irin Ribah, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da sola, wani lokaci duk a rana ɗaya, a nan ya kamata bincike ya fara.

Kwan lantarki na zamani da cajar waya suna aiki ko wuta ta yi rauni sosai, shi ya sa mutum ke rantsuwa wutarsa lafiya take. Kwamfireso ba haka yake ba. Injin da ke cikinsa yana bukatar ƙarfi mai yawa a daƙiƙar da zai tashi, kuma ƙarfin tashin ya fi wutar saurin faɗuwa: idan ta sauka daga bolt 230 zuwa 165, kusan rabin ƙarfin ne ya rage masa. Sai ya yi ta gurnani bai juya ba, yana jan wuta ninki da yawa, wayoyin cikinsa na zafi. Akwai wani ɗan faifai a jikinsa da masu gyara ke kira obalod, aikinsa ya yanke wuta idan zafi ya yi yawa. Shi ne ake ji ya yi "ƙas" bayan 'yan daƙiƙoƙi na gurnani. Shiru na minti biyu zuwa biyar, ya huce, ya sake haɗawa, a sake gurnani, a sake "ƙas". Fitilar ciki na ci, amma ba sanyi. Can cikin dare, da maƙwabta suka kashe kayansu wuta ta ɗago, kwamfireso ya tashi, da asuba komai ya yi sanyi.

Idan takardar lura ta nuna matsalar na zuwa tsakanin magariba da sha ɗayan dare, to an kusa kama ɓarawon. A auna wutar da mita a soket ɗin da firijin ke ciki, a daidai lokacin da yake ƙoƙarin tashi, domin soket na iya nuna 210 ba lodi, ya faɗo ƙasa da 170 da kwamfireso ya ja. Faɗuwa mai yawa haka takan nuna laifin na cikin gida ne: doguwar wayar ƙari siririya irin ta rediyo, filogin da ya yi baƙi, soket mai girgiɗi, ko mahaɗar waya da aka naɗe da leda a bayan shago. Filogin da ya yi zafi a hannu bayan awa ɗaya na aiki ya riga ya ba da shaida. Firiji na son soket nasa shi kaɗai, da waya mai kauri, gajeriya. Idan kuma raunin daga layi yake, sitabilaiza ce magani, amma wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a jikin firijin sau da yawa, kuma wadda za ta iya ɗaga wuta daga matakin da take faɗawa a wannan unguwar. Ana rubuta mafi ƙarancin wutar da kowace sitabilaiza ke karɓa a jikinta, kuma ba duka suke ɗaya ba.

Janareta na da nasa labarin. Firijin gida yakan ci wat 100 zuwa 200 idan ya riga ya tashi, amma a lokacin tashi yana iya neman ninki biyar ko fiye na ɗan lokaci. Ƙaramin janaretan nan da ƙarfinsa bai kai wat dubu ba zai iya tayar da firiza idan ita kaɗai ce a kansa. Bayan an ƙara fanka, talabijin da cajar wayoyi goma, tamostat ya kashe ta ya zo sake kunnawa, sai ta kasa. Mai shago ya ga injin na ruri, fitilu na ci, ya ɗauka firizar na aiki. Alamar ita ce muryar janaretan ta shaƙe, kwan fitila ya dushe, sannan "ƙas". A ɓangaren sola, abin da aka fi gani shi ne batir ya yi ƙasa wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare, inbata ta kashe kanta, rana ta fito ta dawo. A nan firiji ba shi da laifi ko kaɗan.

Sai kuma saurin mayar da wuta. Idan kwamfireso ya tsaya, gas ɗin da ke gabansa yana nan a matse, kuma yana ɗaukar minti uku zuwa biyar kafin matsin ya daidaita. Wutar da aka ɗauke aka dawo da ita nan take, ko aka sauya daga ta gari zuwa janareta cikin daƙiƙa goma, tana sa shi ya yi ƙoƙarin tashi da kaya a ka. Ya kasa, obalod ya yanke. Sau ɗaya ba komai, amma sau goma a rana na wata da watanni shi ke cinye kwamfireso. 'Yar na'urar jinkiri da ake sawa tsakanin soket da filogi, wadda ke riƙe wuta na 'yan mintoci kafin ta sake ta, tana kuma yanke ta idan ta yi ƙasa ko sama da kima, kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon kwamfireso ba. Wanda ba shi da ita ya zare filogin firiji kafin ya sauya layi, ya jira minti biyar.

Idan wuta lafiya amma ana jin "ƙas"

A gefen kwamfireso, ƙarƙashin wani murfin roba, akwai rile, wanda ke ba injin taimakon tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya janye. A yawancin firiji na yanzu wani ɗan ƙwaya ne mai kama da tsabar kuɗi a cikin gidan roba. Zafi da yawan tashi suna tsattsaga shi, sai ya zama yau ya tayar, gobe ya ƙi. Bayan an zare filogi daga bango, ana iya ciro shi a girgiza kusa da kunne. Idan yana kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, ko yana warin ƙuna, ya gama. Yana cikin mafi arahar kayan firiji, kuma sau da yawa shi ne duk abin da ke damun kwamfireson da aka yanke wa hukuncin mutuwa. A tafi da tsohon wurin mai sayar da kayan gyara, a Zuru ko inda ya samu, a sayo mai lamba irin tasa, tare da obalod ɗin da ya dace.

Idan an sa sabon rile, wuta cikakkiya, an jira minti goma, amma har yanzu gurnani da "ƙas", to sai mai gyara ya auna ƙafafu ukun kwamfireson da mita. Awo biyu ƙanana idan an haɗa su ya kamata su ba da babban na ukun, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗuwa da jikin tulun. Kwamfireson da ke tashi da sanyin safiya ya yi awa ɗaya ya yanke, jikinsa ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, alhali iska na ratsa shi sosai, ya kama hanyar ƙarewa.

Tamostat ma kan yi irin wannan wasa. Idan firiji ya yi tsit, ba gurnani ba "ƙas", fitilar ciki na ci, amma da an ɗan bubbuga wurin maɓallin ko an juya shi sai ya tashi, bakin tamostat ne ya ci. Wasu masu gyara kan haɗa wayoyinsa kai tsaye su ce an huta. Na ɗan gwaji ba laifi, amma barin sa haka gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin kwamfireso ba zai ƙara hutawa ba muddin akwai wuta.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Firiji kwasar zafi yake yi daga ciki ya zubar a waje. Idan wajen ya yi zafi da yawa, ba inda zai zubar. A takardar da ke manne a bayansa ko a cikinsa akwai harafin da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N suna nufin har digiri 32, ST har 38, T kuma har 43. A watannin Maris da Afrilu zafin rana kan kusanci digiri 40 a wannan yanki, cikin shagon kwano ko kwantena mara silin kuwa ya wuce haka. Firijin hannu da aka ƙera don ɗakin girkin Jamus ko Ingila, mai harafin N, yana iya aiki tsaf daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fara sanyi da dare kawai da bazara ta kama. Tsofaffin firiji, firiza da kwamfireso na hannu suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su, amma ba su ɓace daga kasuwa ba, don haka duba wannan harafi kafin saye ya fi duba fenti amfani.

Ko mai harafin T ma yana bukatar numfashi. A bar tazarar aƙalla faɗin tafin hannu a baya da gefuna. Firizar da aka matse tsakanin kanta da buhunan kaya, ko aka lulluɓe da zani don ado, ko rana ke dukan gefenta da la'asar, za ta yi ta yankewa tsakanin azahar da la'asar ta dawo da yamma. Ƙurar hunturu kan yi wa ragar baya da kwamfireso bargo, buroshi busasshe bayan an zare filogi ya isa. Masu 'yar fanka kusa da kwamfireso a duba ko tana juyawa, domin leda, yanar gizo-gizo ko sheƙar ɓera na iya riƙe ta. Ɓeraye kan kuma ciji waya su bar ta tana haɗuwa tana rabuwa.

Lodin da ya fi ƙarfinsa

Wannan ya fi shafar masu sana'a. Jakar ruwan leda ɗaya guda 20 ce, lita 10 ke nan. Idan aka zuba jaka biyar da suka sha rana, lita 50 a kan digiri 35, firiji mai ƙarfin kwashe zafi na wat 150 zai yi kusan awa 12 yana aiki ba tsayawa kafin ya sauko da su digiri 5, ko da ba a buɗe ƙofa ba. Mayar da su ƙanƙara kuwa sai an ƙara fiye da awa 30 a kai. Idan wutar awa shida ake samu, lissafin ba zai taɓa fita ba. Ranar da kaya suka yi kaɗan sai a ga sanyi, ranar kasuwa da aka cika ta a ga babu, a ce firiza ta fara wasa. Yawancin firizoji na ɗauke da rubutun kilo nawa suke iya daskararwa cikin awa 24. Zuba kaya kashi-kashi, barin zoɓo da kunu su huce sarai kafin a sa, da ajiye jakunkunan ruwa a inuwa, suna canza abubuwa fiye da yadda ake zato.

Robar ƙofa na da saurin gwaji. A maƙale takardar naira a ƙofa a rufe, a ja. Idan ta zare ba turjiya, iska na shiga ta nan. A gwada kusurwa huɗu. Da damina, iskar da ke shiga ɗauke take da laima, ita ke zama ƙanƙara mai kauri.

Ƙanƙarar da ke toshe sanyi

Firijin da ba ya tara ƙanƙara a fili, irin mai fanka a cikin firiza, yana ɓoye bututun sanyinsa a bayan wani bango na roba. Fanka ke hura sanyin zuwa sama da ƙasa. Duk bayan wasu awanni, taima ko allon lantarki yana tsayar da kwamfireso ya kunna wata hita na kusan minti 20 zuwa 30 ta narkar da ƙanƙarar da ta taru. Idan hitar ta ƙone, ko na'urar da ke jin sanyin wurin ta lalace, ƙanƙara za ta yi ta taruwa har ta toshe hanyar iska. Ɓangaren ƙasa ke fara ɗumi, firiza ta biyo baya, wani lokaci a ji fanka na karta wani abu. A kashe shi yini ɗaya ƙofa a buɗe, ya dawo garau, bayan kwana biyar zuwa mako biyu ya koma.

A inda wuta ke tsayawa, wannan tsari a bayyane yake. A inda ake yawan ɗauke ta kuwa, ɗaukewar ce ke narkar da ƙanƙarar, sai cutar ta ɓuya. Firijin ya yi wata biyu lafiya saboda ba a taɓa samun wutar kwana uku a jere ba, makon da wuta ta zauna ko aka haɗa shi da sola sai ya daina sanyi. Mai shi ya zargi sabuwar inbata, alhali hita ce ta daɗe da mutuwa. Idan kuma taima ce ta maƙale a zangon narkarwa, komai tsit zai yi, har sai an murɗa ta da sukundireba ta yi ƙara, kwamfireso ya tashi.

Firiji da firizar da ke tara ƙanƙara a fili ba su da hita, mai su ne zai narkar idan kaurin ya kai na ɗan yatsa. A kashe, a buɗe, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki. Wuƙa da sukundireba su ne suka fi huda bututun sanyi, kuma a nan ne gas ke ƙarewa da gaske.

Idan abin ya fara bayan an ɗura gas

Akwai nau'i ɗaya na sanyi-da-dainawa da ke cikin bututun kansa. Firiji ya tashi, ya yi sanyi na rabin awa ko awa ɗaya, sai sanyin ya tsaya alhali kwamfireso na juyawa, sautin kwararar gas ya ɗauke, raɓar ƙanƙarar da ta fara fitowa ta narke. Bayan wani lokaci, ko bayan an kashe an kunna, ya dawo. Laima ce ta shiga bututu. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya daskare a bakin siririn bututun nan ya toshe shi, idan wurin ya yi ɗumi ya narke hanya ta buɗe. Kusan kullum hakan na biyo bayan gyaran da aka buɗe bututu aka ɗura gas ba tare da an zuƙe iska da injin zuƙa ba, ba a kuma canza 'yar filtar jan ƙarfe da ke tsotse laima ba. Ƙara gas a kai ba ya magani. Sai an fitar da na ciki, an sa sabuwar filta, an zuƙe sosai, an auna sabon gas da sikeli.

Awon na da muhimmanci. Tsofaffin firiji na amfani da R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya. R134a ya maye gurbinsa, yanzu kuma yawancin sababbin firijin gida R600a suke ɗauka. Nau'in gas da nauyinsa a giram suna rubuce a jikin na'urar, kuma na R600a sau da yawa bai kai giram 100 ba, don haka ɗurawa da ka, a ce "ya isa" da an ji bututu ya yi sanyi, caca ce. Ba a musanya su, domin kwamfireson kowanne da man cikinsa daban ne. R600a kuma yana kamawa da wuta, ba a kusantar bututunsa da wutar walda sai an fitar da shi sarai a wuri mai iska. Mai gyaran da ya ce gas ya ƙare, a nemi ya nuna inda ya huje: kumfar sabulu ko tabon mai a mahaɗar bututu. Alamun rashin gas na gaske su ne kwamfireso na aiki ba hutu, kwandensa ba ta ɗumi sosai, ƙanƙara na fitowa a kusurwa ɗaya kawai.

Sababbin firiji masu kwamfireson inbata, irin waɗanda LG, Hisense da Haier Thermocool ke sayarwa, ba su da rile irin na da. Allon lantarki ne ke tuƙa injin, kuma shi ne ke fara jin jiki idan wuta ta yi tsalle ko aka yi tsawa da damina. Da yawansu na da 'yar fitila a allon da ke ƙiftawa sau ƙidayayye don nuna irin matsalar, ma'anar na cikin littafin na'urar. Wanda garantinsa bai ƙare ba kada a bari a yanke masa bututu kafin a tuntuɓi inda aka saya. Firijin da aka ɗauko a kwance a bayan mota kuma a bar shi tsaye na wasu awanni kafin a kunna, man kwamfireso ya koma mazauninsa.

Kayan da ke ciki

Yayin da ake wannan bincike, abin da ke cikin firijin na iya cutarwa ba tare da ya yi wari ba. Ƙwayoyin cuta na saurin yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma sake daskarewa ba ya kashe su. Firijin da aka bari a rufe yana riƙe sanyi kusan awa huɗu bayan ya tsaya, firiza cikakkiya kusan kwana biyu, rabin cika kwana ɗaya, a tsananin bazara kuma ƙasa da haka. Nama, kifi, nono da kunun aya da suka yi ɗumi na awanni suka sake sanyi ba na sayarwa ba ne. Robobin ruwa da aka daskarar aka cike gurbin da ba kaya suna tsawaita sanyin idan wuta ta tafi.

Magani ya fi tsanani. Insulin da ba a buɗe ba da yawancin alluran rigakafi suna son digiri 2 zuwa 8, zafi na rage musu ƙarfi, daskarewa kuma na lalata insulin da wasu alluran ba tare da kamanninsu sun nuna ba. Firijin da ke sanyi yana dainawa, musamman wanda aka haɗa tamostat ɗinsa kai tsaye, yana iya yi musu duka biyun a rana ɗaya. A mayar da su wani firiji mai ma'aunin zafi, ko akwatin sanyi da ƙanƙarar da aka naɗe da tsumma don kada ta taɓa kwalbar, har a gama gyara. Tumatir, tattasai da ganye kuwa za su iya jira a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki lokacin rani da iska ke bushe, kuma sanyinta bai kai na ajiye nama ko nono ba.